Tara agoguna da sauya musu kaya: sha'awa ce ko ɓarnar kuɗi?

Tambaya: Ina da agogunan hannu guda shida, na kuma fara sauya musu madauri da hannaye da kaina. Yayana ya ce wannan ba wata sha'awa ba ce, son sayayya ne kawai. Ga shi ina hararar na bakwai. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar yayanka ba ta rasa gaskiya ba. Idan daɗin duka a ranar da kaya suka iso yake, washegari ka koma leƙen wani, to sayayya ce ke jan ka. Amma ka ce kana buɗe agogo da hannunka, kuma a nan nake tare da kai.

Dubi Seiko SKX007, wanda ya fito a 1996 aka daina ƙera shi a 2019. Mutane a ƙasashe da dama sun koyi gyaran agogo a kansa. Suna sauya fuska da gilashi, wasu har injin suke cirewa su sa wani injin mai suna NH36. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da ilimi. Kafin ka dasa hannaye, sai ka murɗa abin saita lokaci har kwanan wata ya juya, sannan ka ɗora su daidai kan sha biyu, in ba haka ba kwanan zai riƙa canjawa a lokacin da ba nasa ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta faɗa kan fuska, sai ka sake buɗewa. Robar da ke hana ruwa shiga kuwa, in ta tsufa ko ta lanƙwashe, agogon da aka yi don ninƙaya ma zai sha ruwa. Wanda ya san waɗannan ya samu abin da kuɗi kaɗai ba sa ba shi.

Na bakwai dai, ka dakata. Kuɗin ka sa su a kayan aiki: mabuɗin bayan agogo, hantsaki mai kyau, gilashin ƙara girma, da abin hura ƙura. Ka yi koyo a kan mafi arha cikin shidan.

Abu biyu kuma: buɗe sabon agogo yakan soke garantinsa, sannan duk abin da ka cire ka adana shi, domin masu sayen tsohon agogo sun fi daraja wanda kayansa na asali suke nan.