Amsa: Neman sababbin 'yan wasa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce rukuninku na wasan kwaikwayo a rubuce, inda kowa ke ɗaukar mutum guda a labari yana magana da bakinsa, ya ragu zuwa mutum huɗu, kana neman hanyar jawo wasu.

Kafin ka fita talla, gyara ƙofar shiga. Baƙo in ya tarar da labarin da aka daɗe ana saƙawa, ga dokoki shafi uku, juyawa zai yi. Rubuta taƙaitaccen bayani kamar layi goma ka maƙala shi a sama, sannan ka tanadi guraben da babu mai su. A ce labarinku a Kano yake, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499: ga dillali a kasuwar Kurmi, ga marini, ga madugun ayarin da ya sauko daga Agadas. Mutum ya zaɓa ya fara a ranar. Kuma lallai tsofaffin 'yan wasa su tanka masa da wuri, don wanda ya yi rubutu aka kwana biyu ba a kula shi ba, ba zai dawo ba.

Maganar talla kuwa, nemi marubuta da masu karanta littattafan Hausa a Wattpad, dandalin rubutawa da karanta labarai a intanet, da Facebook. Ka nemi izinin shugaban rukunin da za ka yi talla a ciki, ka saka yanki mai daɗi daga wasanku maimakon "ku zo ku shiga" kawai.

In a WhatsApp kuke, gwada Telegram. A can ana iya ɓoye lambar waya, abin da mata da yawa za su fi so. Ku kuma tsayar da lokaci, misali bayan sallar isha'i.