Tambaya da Amsa: Shin bakteriya za su iya cinye gubar ƙasa?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibi ne daga Anka. Naji ance a ƙasashen waje akwai bakteriyar da ke gyara filin masana'anta da gubar kuromiyam ta ɓata, to mi ya hana a kawo muna su nan Zamfara su cinye gubar dalma?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Abin da kaji gaskiya ne, sai dai bakteriya basa cinye ƙarfe, sura kawai suke canza masa. Kuromiyam iri biyu ne suka shafe mu, akwai mai lamba 6, shine mugun, yana narkewa a ruwa ya bi ƙarƙashin ƙasa har rijiyoyi kuma yana jawo ciwon daji (kansa), sai mai lamba 3 wanda dashi kamfanonin jima na Challawa da Sharada a Kano suke jeme fata, shi baya narkewa sosai, cutarsa ma da sauƙi. To wasu bakteriya kamar Shewanella da Pseudomonas in suka samu abinci sai su maida mai 6 ya koma mai 3, ya daskare ya manne da ƙasa ya daina bin ruwa. Sau da yawa ma ba kawo su ake ba, suna nan cikin ƙasar, abinci kawai ake tura masu ta bohol, kamar a Hinkley ta jihar Kalifoniya a Amurka inda ake tura masu itanol, wani nau'in barasa. Kuma dole a yi ta gwajin ruwan shekara da shekaru don in ƙasar tana da ƙarfen manganis zai iya dawo da mai 6 ɗin.

Ita dalma bata da wata lamba mai sauƙin cuta irin ta kuromiyam da za a juya ta, yaro ya ci ƙasa ko ya shaƙi ƙurar niƙan dutsen zinari ta shiga jininsa kenan. Shiyasa bayan masifar 2010 da ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, wallahi har yau abin na taɓa ni, kankare ƙasar gidaje akayi aka binne aka zubo sabuwa, Bagega ma sai 2013 aikin ya iso, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka riƙa baiwa yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Don Allah ka faɗawa mutanenku a daina niƙa dutse cikin gida, a jiƙa shi kafin aiki, kayan aiki a cire su a yi wanka kafin a ɗauki yaro, wanda kuma aka ga yana jijjiga ko amai a kai shi gwajin jini.