Kafin ka zare tsohuwar rautar, ka ji abin da ya same ni

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka, inda ka ce kana da wata ƙaramar kwamfuta da kake so ka mayar da ita rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga na'urorin gida, amma ka rasa ta inda za ka kama, sai na ji kamar ni na rubuta ta, domin da irin wannan zumuɗin na shiga, kuma na sha wuyar da ba na so ka sha.

Roƙona na farko shi ne kada ka taɓa rautar da gidanka ke amfani da ita yanzu. Ka jona sabuwar a bayanta, ka yi duk gwaje-gwajenka a can. Idan tsohuwar tana raba adireshi daga 192.168.1.0/24, ka ba taka wani zango daban kamar 192.168.50.0/24, in ba haka ba ɓangarorin biyu za su yi karo.

Ni ban yi wannan haƙurin ba. Na ɗora Debian (wani nau'in Linux) a kan inji mai kafar netwok biyu, na kunna ip_forward don saƙonni su riƙa ratsawa daga kafa zuwa kafa, na rubuta dokar masquerade (wadda ke sa duk na'urorin gida su fita da adireshi ɗaya) a nftables, manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita, na ba manhajar dnsmasq aikin raba adireshi, kuma da na ga wayata ta buɗe shafi sai na ɗauka na gama. A daren na zare tsohuwar rautar, na cusa sabuwar a bayan kabad ba allo ba kibod. Wajen ƙarfe ɗaya, ina ciki ta SSH, wato hanyar sarrafa inji daga nesa ta netwok, na bi maganar wani da ya rubuta da gadara cewa duk wanda bai sa drop (wato a jefar da duk saƙon da ba a ba izini ba) ta zama dokar asali a sarƙar input, mai kula da abin da ke shigowa injin kansa, ba, bai san aikinsa ba. Maganarsa gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa, domin bai ce sai an fara buɗe kafa mai lamba 22 ta SSH daga ɓangaren gida ba, da ta 53 ta DNS (mai fassara sunan shafi zuwa adireshi) da ta 67 ta DHCP (mai raba adireshi), a kuma ƙyale haɗin da ya riga ya kafu. Ina loda dokokin, tagar SSH ɗin ta daskare. Na danna Enter ya fi sau ashirin kamar hakan zai canza wani abu. Na kashe injin na kunna, sai na tuna cewa a cikin /etc/nftables.conf na rubuta dokar, wato duk lokacin da ya tashi zai sake kulle ni a waje. Da yake DNS ma ya toshe, babu na'urar da ke iya buɗe komai a gidan, ni kuma ba ni da kebul ɗin allo da ya dace da injin. Sai da na kwance shi da sukudireba, na ciro faifan, na jona shi a wata kwamfutar na goge layi ɗaya tak. Gari ya kusa wayewa. Da na koma na faɗa wa mutumin abin da ya faru, amsar da ya ba ni ita ce ai kowa ya san wannan. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin layi uku da bai ga dama ya rubuta ba su suka cinye mini dare guda.

Tun daga ranar ba na loda sabuwar doka sai na fara tsara umarnin da zai share dokokin da kansa bayan minti biyu, in na ga ina nan a ciki sai in soke shi. Ka sani nft -c, umarnin gwada dokoki kafin a loda su, rubutu kawai yake dubawa, ba ya gaya maka ko za ka kulle kanka.

Game da manhaja kuwa, idan ilimi kake nema, ka haɗa komai da hannu a kan Linux ko da sau ɗaya ne, domin a nan za ka gane abin da kowane sashe yake yi. Idan intanet mai aiki kake so, ka ɗauki OpenWrt, tsarin Linux da aka gina don rauta, wanda ya faro a 2004 a kan Linksys WRT54G, kuma shafinsa na saiti yakan mayar da canji baya idan haɗi ya yanke, abin da da na same shi a daren nan, da na yi barci. Wani zaɓin shi ne OPNsense, wanda ya ɓalle daga takwaransa pfSense a 2015, yana kan FreeBSD ne ba Linux ba, kuma katin netwok na Intel ya fi zama lafiya da shi. Idan sabuwar ta kama aiki, Wi-Fi ka bar wa tsohuwar rautar, ka kashe mata DHCP kawai.

Idan layinka PPPoE ne, wato irin wanda ake shiga da suna da kalmar sirri, MTU (iyakar girman ƙunshin saƙo ɗaya) 1492 ne maimakon 1500, kuma idan ba ka daidaita MSS (iyakar bayanan da ke cikin ƙunshin) ba za ka ga wasu shafuka sun buɗe, wasu sun tsaya a rabi, ka yi ta zargin kebul a banza. IPv6 ma, sabon tsarin adireshi, a yawancin saiti ba ya bi ta NAT, wato ɓoye na'urorin gida a bayan adireshi ɗaya, saboda haka ka rubuta dokokinka a teburin inet don su rufe shi tare da tsohon tsarin, IPv4.

Ka faɗa mini kafar netwok nawa injinka yake da ita da irin layin da ke shigo maka, sai in turo maka dokokin da nake amfani da su, har da layukan nan uku.