Tambaya da Amsa: Bel ɗin kilt ya yi min yawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Glasgow, abokina ɗan Skotland zai yi aure kuma ya ce dole abokan ango mu sa kilt, wato siket ɗin nan nasu na maza. Na sayi na hannu da bel ɗinsa, to bel ɗin ya yi min yawa, sai juyawa yake, kilt ɗin ma zamewa yake in na yi tafiya. In ƙara huji ne ko yaya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa 'yan gida kar su ga hoton su ce ka ɗaura zani!

Kafin ka huda komai, ka sani ba bel ne ke riƙe kilt ba, kwalliya ce kawai. Abin da ke riƙe shi su ne 'yan madauran fatan nan na gefe, yawanci biyu a dama ɗaya a hagu wanda ake zurawa ta wata kafa a jikin yadin. Kilt na asali ulu ne wajen yadi 8, nauyi gare shi, in madauran nan ba su kama ba ko ka ja bel har numfashinka ya ɗauke sai ya zame. Kuma ina zargin a ƙugu kake ɗaura shi kamar wando, to ba nan ba ne, daidai cibiya ake ɗaurawa, bakinsa na ƙasa ya sauka tsakiyar gwiwa, tattara a baya, shafaffen a gaba. Gwada haka tukun, sau da yawa nan matsalar take ƙarewa. In ka kai hujin ƙarshe har yanzu da sako-sako, kai wa tela ya matsar da madauran baya kaɗan.

Shi kuma bel ɗin, faɗinsa inci 2 da ɗoriya, juya shi ka duba ciki. Yawancinsu daga ciki ake rage su, wani da Velcro irin na takalmin yara, wani da ɗan ƙaramin madauri mai huji a ɓoye, shi ƙarfen kan bel ɗin maƙalawa kawai yake yi. Ka sa kilt ɗin tukuna sannan ka gwada a kansa, kar ka auna da lambar wandonka don kaurin yadin yana ƙara inci ɗaya ko biyu. Yatsa biyu su iya shiga, ya isa. In huji ne ya ƙare kai wa mai gyaran takalmi ya buga maka da abin huda fata, don Allah banda ƙusa da wuƙa.

Kafofin zura bel guda biyu da aka ɗinka a bayan kilt ɗin kuma, bar wa sarƙar sporran, jakar da ake ratayawa a gaba, in ka cusa bel ciki yana jan tattarar ta karkace. Sannan tambayi ango ko da falmaran za ku sa, in da ita ai ba a ma sa bel ɗin, ka huta. Gajeren wando a ciki kuwa kar ka bari wani ya ce maka ba al'ada ba ce, akwai rawar ceilidh, wato rawar gargajiyarsu, da daddare kuma juyi ake yi sosai.