Kun Tambaya, Mun Amsa: Saƙar Mayafin Wuya da Kayan Kyauta

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan saƙa suka zo. Don mu fahimci juna, madaukin zare guda ɗaya shi muke kira ido, jerin idanu daga wannan baki zuwa wancan kuma layi. Kwarashi shi ne mai ƙugiya a baki, tsinke kuwa su ne dogayen nan biyu da ake riƙewa hannu bibbiyu.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na fara mayafin wuya da kwarashi, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, amma yanzu da na kai rabi sai na ga yana ta tsukewa, bakinsa kuma a karkace. Zaren ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? Daga wata sabuwar mai koyo.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zarenki lafiyarsa lau, idanu ne kike zubarwa ba ki sani ba. Ki shimfiɗa aikin ki ƙirga idanun layin farko, sannan ki ƙirga na layin da kike kai. Za ki tarar sun ragu, wataƙila daga 30 sun koma 24.

Ga inda suke salwanta. Idan kin kai ƙarshen layi, ido na ƙarshe yakan kwanta ya karkata gefe, sai ki ɗauka kin gama, ki juya ki bar shi. Ido ɗaya a kowane layi biyu ko uku ba ya nuna kansa nan take, sai an yi nisa. Abin ya fi faruwa a dogon ido, wato wanda ake naɗa zare a kwarashi sau ɗaya kafin a soka. A irin wannan saƙa ana yin sarƙa 3 a farkon layi don a hau sama, kuma wannan sarƙa a matsayin ido ɗaya take. Ke nan ba za ki soka a gindinta ba, sai a ido na biyu, kuma idan kin dawo ƙarshen layi na gaba dole idonki na ƙarshe ya shiga cikin kan wannan sarƙar. Wadda ta manta da kan sarƙa aikinta zai tsuke. Wadda kuma ta soka a gindin sarƙa sannan ta sake sokawa a kanta, nata buɗewa zai yi ta yi. A gajeren ido lissafin daban ne: sarƙa 1 ake yi, ba a ƙirga ta, kuma a ido na farkon ake sokawa.

Maganin mai sauƙi ne. Ki samu fil biyu masu kulle, ko guntun zare mai wani launi. Da zarar kin yi ido na farko a layi, ki maƙala masa alama a kai. Idan kin dawo, inda alamar take nan ne idonki na ƙarshe. Ki kuma riƙa ƙirgawa a ƙarshen kowane layi har hannunki ya saba. Wanda kika riga kika saƙa kuwa, ba ja ko guga da zai mayar da idon da babu shi. Ki warware zuwa layin ƙarshe da ƙirgensa ya cika. Mun san da ciwo, amma warwarar kwarashi ba ta da wuya, zare kawai za ki ja, ki naɗe shi sako-sako ki ci gaba.

Akwai wani abu da ke kama da wannan amma ba shi ba ne. Idan ƙirge ya cika amma gindin mayafin ya lanƙwashe, sarƙar farko ce ta yi tsauri. Ki yi ta da kwarashin da ya fi na aikin girma da milimita 1, sannan ki koma na ainihi.

Tambaya: Na saƙa wa maigidana mayafi da tsinke, layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya. Ya yi sumul gwanin kyau, sai dai gefunansa sun naɗe kamar tabarma. Na danne shi da littattafai kwana biyu, da na ɗaga ya koma yadda yake. Daga wata uwargida.

Amsa: Uwargida, ba kuskure kika yi ba, halin wannan saƙar ke nan. Fuskarta ta gaba da ta baya ba su yi daidai wajen jan zare ba, shi ya sa gefuna ke naɗewa zuwa baya, sama da ƙasa kuma su naɗo gaba. A riga ba a ganin haka domin ɗinki na riƙe gefunan. Mayafi kuwa ba abin da ke riƙe shi.

Nan gaba ki zaɓi saƙar da gabanta da bayanta suka daidaita. Mafi sauƙi ita ce saƙar gaba zalla a kowane layi, wadda ke fitowa da tudu-tudu. Ko ki yi gaba 2 baya 2 har ƙarshen layi, irin ta bakin hannun suwaita. Ita wannan tana tsukewa, don haka ki ƙara idanu kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ranki na kan mai sumul ɗin, ki sa mata iyaka: layuka 6 na gaba zalla a farko da ƙarshe, da idanu 5 na gaba zalla a kowane gefe. Ko da haka ma siririn mayafi yakan ɗan lanƙwasa.

Na hannunki bai lalace ba. Ki ninka shi biyu a tsawonsa ki ɗinke gefe da gefe, ya zama mai ruɓi biyu, ya fi ma ɗumi. Ko ki bi gefunan da kwarashi, layi 3 ko 4 na gajeren ido. Dutsen guga dai kada ki ɗora masa kai tsaye. Yawancin zaren saƙa akirilik ne, dangin roba, zafi na narkar da shi ya yi ƙyalli ya saki jiki, kuma ba ya komawa.

Tambaya: Anti, dunƙule nawa na zare zai ishe ni mayafin babba? Wancan karon zare ya yanke mini, na sayo irinsa sak, amma da na haɗa sai ga layi ya fito, launin bai zo ɗaya ba.

Amsa: 'Yar'uwa, amsar tambayoyinki biyu na jikin takardar da aka naɗe dunƙulen da ita, wadda yawancinmu ke yagewa mu yar. A jikinta akwai nauyi da giram, tsawo da mita, girman tsinke ko kwarashin da ya dace, yadda ake wanki, da lambobi biyu: ta launi da ta zubin rini. Zare ana rina shi ne zubi-zubi, kuma zubi biyu na launi ɗaya sukan ɗan bambanta. A dunƙule ba ki gani, sai an saƙa su jere. Saboda haka ki sayi duk abin da kike bukata lokaci ɗaya, ki duba lambar zubi ta zama ɗaya a kowanne. Idan dole ta sa ki haɗa zubi biyu, kafin tsohon ya ƙare ki riƙa yin layi 2 da shi, layi 2 da sabon, har tsawon santimita 10. Bambancin zai narke ido ba zai kama shi ba.

Maganar yawa kuma, mayafin babba yakan kai santimita 150 zuwa 180 a tsawo, faɗi 15 zuwa 25. Masu saƙa kan ce a yi shi daidai tsayin mai shi. Da zare matsakaici, wanda ake saƙawa da tsinke mai milimita 4.5 zuwa 5.5, ki sa ran mita 300 zuwa 400. Mita za ki duba, ba yawan dunƙule ba, domin giram 100 na zare mai kauri bai kai tsawon giram 100 na siriri ba. Kwarashi kuma ya fi tsinke cin zare.

Amma lissafin da ba ya ƙarya shi ne na hannunki, domin mata biyu da zare ɗaya da tsinke ɗaya, wata tana matsewa wata tana sakewa. Ki fara saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 12 ko fiye, ki ɗora tef ɗin awo a tsakiyarsa ki ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. In 18 ne kuma faɗin 20 kike so, idanu 36 za ki ɗora. Sai ki saƙa santimita 10 na mayafin, ki auna ragowar dunƙulen a ƙaramin sikeli. A ce giram 100 ne da farko, yanzu ya koma 88, kin ci 12. Mayafi mai santimita 160 zai ci 12 sau 16, giram 192 ke nan. Dunƙule biyu zai kai da ƙyar, in kuwa za ki sa masa tuntu a baki, uku za ki saya. Wannan ɗan gwajin shi mutane suka fi ƙyuyar yi, kuma rashinsa ne ke jawo yawancin tufka da warwara.

Tambaya: 'Ya'yana uku ne ƙanana, ba na samun zaman minti goma ba a kira ni ba. Duk sanda na dawo sai in ga rami a tsakiyar saƙar tsinken, wani lokaci ma idanun sun zube. Ina so in gama kafin wata ɗaya.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, maman yara. Ramin nan daga ajiye aiki a tsakiyar layi yake zuwa. Da kika dawo sai kika ɗauki tsinken a juye, kika koma inda kika fito, sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya da layi biyu, rami ya buɗe a tsakani. Ki riƙe wannan: tsinken da zaren dunƙule ke rataye a idonsa na ƙarshe, shi ne na hannun dama. In da hali ki ƙarasa layin kafin ki tashi, ki tura idanun can gindi, ki ɗaure bakin tsinken biyu da robar ɗaure gashi.

Idon da ya zube kuwa ba sai kin warware ba. Za ki ga ya gangara ya bar zaruruwa a gicciye a samansa. Ki juyo fuskar da ke sumul, ki soka kwarashi a idon daga gaba, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi ki jawo ta ciki, ki kamo na sama da shi, haka har ki iso tsinke.

A ganinmu, mai ƙananan yara kwarashi ya fi mata. Ido ɗaya tal ke buɗe, kin ja shi ya yi tsawo kin maƙala fil, ko an ja dunƙulen ba abin da zai warware. Ki ajiye komai a jaka mai zif a inda hannun yara ba ya kai, domin tsinke da almakashi da dogon zare duk haɗari ne gare su.

Game da lokaci, ki duba agogo ki ga minti nawa santimita 10 ke ci miki. In 40 ne, mayafi mai santimita 160 zai ci kusan awa 11. Rabin awa a kullum, mako uku kin gama.

Tambaya: Na yi wa yayata kyautar mayafi na ulu na gaske, wanki ɗaya ya tsuke ya yi tauri.

Amsa: Gashin tumaki yana da ƙananan ɓawo a jikinsa. Ruwan zafi da sabulu da cuɗa na sa su sarƙe da juna, kuma in sun sarƙe ba sa rabuwa. Wannan kam ya tafi, sai haƙuri. Nan gaba ruwan kada ya wuce digiri 30, sabulu mai laushi kaɗan, a jiƙa a ɗan danna, ba cuɗa ba murɗa. A naɗe a tawul a matse ruwan, a shimfiɗa a kwance a inuwa. Ratayewa a igiya na sa nauyin ruwa ya ja shi ya miƙe, musamman na auduga. Duk kyautar da kika saƙa, ki haɗa da takardar zaren ko ki rubuta yadda ake wankinta. In kin san wadda za ki ba ba ta da lokacin lallaɓa kaya, ki saƙa mata da akirilik.

Tambaya: Malama, ɗiyata 'yar shekara 12 na son saƙa wa jaririn ƙanwata wani abu. Me zan saya mata, kuma me ya dace ta saƙa? Daga wani mahaifi.

Amsa: Madalla da wannan kula, Malam. Ka saya mata kwarashi mai milimita 4 ko 5, zare mai laushi mai hasken launi wanda ba gashi-gashi ba don ta riƙa ganin idanun, da babbar allura marar tsini ta ɓoye bakin zare.

Mayafin wuya dai ba na jariri ba ne, yana iya shaƙe shi. Ta yi masa hula. Kan sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 36 a kewaye, hular kuma ana rage mata kamar santimita 2 don ta zauna. Za ta fara daga tsakiyar kai: dogon ido 12 a zagaye na farko, 24 a na biyu, 36 a na uku, ƙarin 12 a kowane zagaye. Idan faifan ya kai faɗin santimita 10, ta daina ƙari, ta ci gaba da zagayawa har tsayin hular daga tsakiya zuwa baki ya kai 13. In faifan ya yi kwano tun da wuri ƙarin bai isa ba, in ya yi tattara ya yi yawa. Kada ta sa maɓalli, duwatsun ado ko igiyar ɗaurewa, kuma a cire wa jaririn hular idan zai yi barci a ɗaki. Duk inda ta yanke zare ta bar santimita 15, ta saka shi da allura cikin bayan saƙar, ta yi gaba sannan ta juyo baya, domin ƙulli da aka datse gab da gindi yana kwancewa a wanki.