Amsa ga Hajiyar Jidda: kafin ki ba Facebook riyal 1,000 ɗin nan

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa nema albarka. Kin ce kina sayar da abaya da turaren wuta da humra a Jidda, kin buɗe shafin shago a Salla, wato dandalin buɗe shagon intanet na Saudiyya, amma har yau babu mai shiga sai 'yan'uwa da ƙawaye, shi ya sa kike son ware riyal 1,000 ki yi talla a Facebook, kina tambaya ko zai kawo mutane. Ni dabino da zuma nake sayarwa daga nan Makka, kuma na daɗe ina biyan kuɗin talla, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Mutane kam zai kawo. Tara masu leƙe shi ne abu mafi sauƙi a wannan harka. Abin da ya kamata ki fara yankewa shi ne: wa kike kira? Mu Hausawan da ke kasuwanci a ƙasar nan kasuwa biyu gare mu, kuma ba sa haɗuwa a talla ɗaya. Akwai mazauniyar Saudiyya, Bahaushiya ce ko Balarabiya, wadda take da katin Mada, wato katin bankin Saudiyya, a hannu, za ta biya nan take, SMSA ko Aramex su kai mata har gida. Akwai kuma Hajiyar Kano ko ta Maraɗi, ko dai tana gida tana son a aiko mata da sari, ko ta zo Umra tana neman tsaraba. Ta farkon ce shafin Salla zai yi wa aiki. Ta biyun ko ta shiga shafin ba za ta iya biya da Mada ba, kuma ita ba ta sayen abaya sai ta yi magana da mai kaya, ta ga bidiyon yadin, ta nemi ragi. Tallar da aka yi dominta WhatsApp ya kamata ta kai ta kai tsaye.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne yadda na'urar tallar take raba kuɗi. Gwanjo ake yi a kan idon mutane, kuma idon mazaunin Riyad ko Jidda ya fi na mazaunin Kaduna tsada nesa ba kusa ba. In kika zaɓi Saudiyya da Najeriya a talla guda, kika ce wa Facebook masu dannawa kike so, zai kwashe kuɗinki ya zuba inda dannawa ta fi araha. Da safe za ki ga ɗaruruwan maziyarta, ranki ya yi fari, amma kwandon saye wayam. Na'urar ba ta cuce ki ba, abin da kika nema ta kawo miki. Saboda haka ki raba su, kowace ƙasa da tallarta da kasafinta. Kuma ki bar maɓallin nan na ɗaga rubutu da ke bayyana a ƙarƙashin hotonki, ki shiga Ads Manager, wato wurin tsara talla na Facebook, ki zaɓi ciniki a matsayin manufa.

Hakan ba zai yiwu ba sai kin fara ɗaura abin bin sawu a shafinki, wato Meta Pixel, kuma Snapchat da TikTok kowanne yana da nasa. Salla na da wurin haɗa su, ba sai kin ɗauko injiniya ba. Shi ne yake gaya wa kamfanin tallar cewa wance ta shigo, ta sa kaya a kwando, ta biya ko ta fasa, daga nan na'urar take koyon irin mutanen da za ta ƙara nemo miki. Talla babu shi tamkar zuba ruwa a rariya ne. Wannan nake so ki yi yau, tun kafin ki kashe ko riyal ɗaya.

Sai maganar wurin tallar. In 'yan ƙasa kike nema, a iya sanina Facebook ba shi ne dandalinsu ba, baƙi mazauna ne suka fi cika shi. Matan Saudiyya suna Snapchat da TikTok da Instagram, kuma da Larabci za ki yi musu magana, da ɗan gajeren bidiyo a tsaye wanda aka ɗauka da waya: hannu yana taɓa yadin, ana juya abayar a gani gaba da baya, farashi a rubuce tun daƙiƙun farko. In kuwa namu kike nema, Facebook da TikTok, kuma ki yi maganar da Hausa da bakinki, harshen da kansa zai tace miki waɗanda ba naki ba. A lokacin Umra kina iya zana da'ira a taswira a kan Makka da Madina, tallar Hausar ta riƙa fitowa ga waɗanda ke masauki a Misfala ko Aziziyya.

Ni dai inda na fi ganin amfanin kuɗina shi ne Google. Mai duba Snapchat nishaɗi ya zo yi, ke kika tare shi. Wanda ya rubuta sunan kaya a Google shi ya fito nema da kansa, kuma sai ya danna ake cajin ki. Abu biyu za ki kiyaye a can. Ki sa kalmomin da ba kya so tallarki ta fito a kansu, kamar masu neman kyauta, ko masu neman yadda ake haɗa turare a gida, ko masu neman aiki. Sannan a wajen zaɓen wuri ki sauya shi zuwa waɗanda suke cikin garin a zahiri, domin in kika bar shi yadda ya zo, har wanda ke wata ƙasa yana sha'awar Jidda zai iya ganin tallarki. In kina da shago na ƙasa, a Balad ne ko Bab Makka, ki sa shi a Google Maps, wannan kyauta ne.

Ga lissafin da nake so ki yi da alƙalami, misali ne kawai, ki sa naki lambobin. A ce ribarki a abaya ɗaya riyal 60 ce, kowace dannawa kuma riyal 1. In mutum ɗaya cikin 100 ne ke saye, kin kashe 100 kin samu 60, asara kenan komai yawan maziyarta. In uku cikin 100 suka saya, kowane ciniki ya ci miki kusan riyal 33, kin fita da riba. Tallar ba ta canza ba, shafin ne ya canza. Wadda ta danna hoton baƙar abaya mai dutse, kan wannan abayar za ta sauka, kada a jefa ta babban shafi ta yi ta lalube. Ta ga tsayi a fili, 52 ne ko 54 ko 56 ko 58. Ta ga kuɗin aike tun kafin ta kai wajen biya. Ta tarar da Mada da Apple Pay, da Tabby ko Tamara ga mai son biya kashi-kashi. Ki buɗe shafin da ƙaramar waya ba tare da wayfay ba, in hotuna suna jan ƙafa ki rage musu nauyi. Kada ki manta da harajin VAT na kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020, shi ma ya shiga lissafin.

Wata magana kuma, Hajiya, don Allah ki ɗauke ta da muhimmanci. Talla tana fito da shago fili ne, kowa ya gani, har hukuma. Ki tabbata rajistar kasuwancin da ke kan shafin halastacciya ce kuma ta dace da matsayin zamanki. Dokar tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Haka in za ki biya wata mai mabiya ta tallata miki, tun 2022 sai mai lasisin talla na hukuma da ake kira Mawthooq ke da izinin yi, ki nemi ta nuna miki. Ki kuma ba ta lambar ragi tata ita kaɗai, da ita za ki san ciniki nawa ta kawo.

Game da riyal 1,000 ɗin, kada ki zuba shi a kwana uku. Ki ɗauki kaya ɗaya da ya fi tafiya, dandali ɗaya, gari ɗaya ko biyu, kamar riyal 50 a rana, da bidiyo biyu ko uku suna gogayya. Ki daure ki bar taɓa shi kullum, domin duk babban gyara yana mayar da na'urar farkon koyo. Ki ajiye wani kaso don bin waɗanda suka sa kaya a kwando suka tafi, su ne mafi kusa da saye. Kuma ki yi gwajin a lokacin da kasuwa take kwance. A Ramadan, da ranar ƙasa ta 23 ga Satumba, da rangwamen ƙarshen Nuwamba, manyan kamfanoni suna shigowa gwanjon, farashi ya tashi. Mai abaya tun Sha'aban ya kamata ta san bidiyon da ke mata ciniki.

In kin yi sati biyu, ki dawo mana da adadin waɗanda suka shiga, da waɗanda suka sa kaya a kwando, da waɗanda suka biya. Daga nan za mu gane ko tallar ce ke buƙatar gyara ko shafin. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.