Yaron da ba ya zana komai sai babura da bindiga

Tambaya: Likita, ɗan yayata mai shekara 9 yana hannuna tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara. Ba ya zana komai sai babura da mutane kwance cikin jini, in ya zana kansa kuma ba ya yi masa baki. Kakarsa tana yayyaga takardun, wai shafar aljanu ce. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da ladan riƙon zumunci. Ki lallaɓi Inna ta daina yaga takardun nan.

Kullum da wannan nake fama a asibiti: mutane sun ɗauka zanen shi ne ciwon, in an hana shi an warke. Sai a ƙwace fensir, a tsula wa yaro bulala. In ya ƙi bari, a kai shi wurin mai magani, a rufe ɗaki, a turnuƙe shi da hayaƙi, ƙato ya danne shi yana daka masa tsawa wai aljani ya fita. Yaron da ya ga an danne mutanen gidansu a gabansa! Ya dawo gida shiru, dangi su ce an dace. Bayan 'yan watanni a kawo mana shi yana fitsarin kwance, yana firgita cikin dare, ko ƙarar babur ya ji sai ya shige ƙarƙashin gado. Ba wanda ya hana addu'a, amma duka da hayaƙi ba addu'a ba ne.

Abin da idonsa ya gani yake faɗa. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tattaro zane kusan 500 daga yaran Darfur da ke sansanonin gabashin Chadi, masu nuna jirage masu saukar ungulu da mahaya suna ƙona ƙauyuka, har kotun duniya ta ICC ta karɓe su a matsayin shaidar yanayin da aka shiga.

Batun bakin da ba ya sawa kuwa, kada ki biye wa masu fassarar zane a TikTok. Zane ɗaya ba ya tabbatar da cuta. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Ba ni labarin wannan." In ya yi shiru, ƙyale shi. Ki rubuta kwanan wata a bayan kowace takarda, ki adana.

In mugun mafarki da firgita sun haura wata guda, ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, ki tafi da takardun.